Minti Goma Sha Ɗaya da Na Yanke wa Malam Bawa

Tun da na dawo daga Zamfara ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagona na tace fim a nan Kano sai ya ja kujera ya ce, "Nasiru, wai da gaske kaset ɗaya ka je nema har Maradun?" Wasu sun ce kwangila na samo nake ɓoyewa, wani ma ya rantse aure na je nema. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambaya daga yau takarda zan miƙa masa in ci gaba da aikina.

Sai na fara da laifina, don in ba don shi ba babu tafiyar. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce, lokacin da faifan CD ya fara korar kaset, wani ɗan kasuwa ya kawo mini wani tsohon fim da 'yan wasan Talata Mafara suka yi, mai suna Irin Baɗi. Labarin wani ƙauye ne a shekarar yunwa. Wani mutum, Tanko, ya kwashe hatsin iri daga rumbun gari, aka kama sawunsa, aka kore shi da jifa. A ƙarshe, da ruwan shuka ya sauka mutane ba su da ko ƙwaya, sai ga Tanko da takarkarai ɗauke da buhuna. Ashe ɓoye irin ya yi don kada yunwa ta sa a cinye shi. Ɗan kasuwar ya ce fim in babu waƙa ba ya sayuwa, faifai kuma ba ya ɗaukar komai da komai. Ni kuwa lokacin ina cikin rawar kai, ina ganin babu gwani kamata. Na zura waƙoƙi biyu na rawa a tsakiya, na datse minti goma sha ɗaya na ƙarshe, fim ya ƙare a inda ake jifan Tanko. Na rubuta sunana ɓaro-ɓaro a jerin ma'aikata, na manta da zancen.

A daminar da ta wuce wata mata ta kira ni. Ko gaisuwar kirki ba ta bari mun gama ba, abin da daga baya na gane ba ƙaramin fushi ba ne a wurin mutumin Zamfara.

"Kai na Nasiru wanda sunanai ke ƙarshen Irin Baɗi?"

Na ce ni ne, har da gyara zama, na ɗauka yabo ne ke tafe.

"Sunana Hadiza, malamar makaranta ta ni nan Mahwara. Kai kam mai da babana ɓarawo."

Mahaifinta, Malam Bawa, shi ya fito a Tanko. Ta ce a da, fim ɗin a gidajen kallo ake nuna shi, maza matasa kaɗai ke shiga. Wanda na yanke shi ne ya shiga ɗakunan mata, ya shiga wayoyi, yara suka tashi da shi. Yau duk garin Ɓarawon Iri ake ce wa tsohon. Da farko wasa ne, har shi ma yana dariya. Yanzu jikokinsa na dawowa daga makaranta da kuka, shi kuma in zai je masallaci ta lungu yake bi. Tsofaffin da suka ga na asali sun yi bayani har sun gaji, amma ana ce musu abin da ido ya gani ya fi labari. Ta ce ƙarfinsa ya fara ƙarewa, ba ta so ya mutu da wannan suna. Kunya ta kama ni yadda ba ta taɓa kama ni ba. Na nemi ɗan kasuwar nan, aka ce ya rasu, uwar kaset ɗin kuma babu wanda ya san inda ta shiga. Na ɗaure tsohon injin bidiyona a kwali, na haɗa da kwamfuta da wayoyin ɗauka, na nufi tasha da sassafe.

Daga Kano zuwa Funtuwa mota cike take da surutu, ana ta musun farashin taki. Muna barin Funtuwa kowa ya yi tsit, direba ya kashe rediyo ya take mota. Wata tsohuwa a bayana ta ɗauko salati ba ta ajiye ba sai da muka hango Tsafe. Kowa ya san halin da hanyar take ciki, ba sai na yi dogon bayani ba. Tun kafin nan, a shingen jami'an tsaro da ke kan iyakar jiha, aka sauke mu, wani matashin jami'i ya sa na kwance kwalina.

"Wannan mene ne?"

"Bidiyo ne, ranka ya daɗe."

"Bidiyo ai a waya yake. Buɗe min cikinsa."

Ina cikin laluben sukurdireba sai wani babbansu mai furfura ya matso, ya zura yatsa a bakin injin, murfin ya yi ƙaf ya koma. Ya yi dariya har da dafa mota, ya ce irinsa aka sa wa yayarsa a kayan ɗaki, kuma ya sha duka a kansa. Ya sa aka ɗaure mini kwalin da kyau fiye da yadda na ɗaure shi a gida.

Na canza mota a Gusau, na isa Talata Mafara kafin magariba. Mijin Hadiza ya sauke ni a shagon da ke ƙofar gidansu. Can in an ce shago ɗakin baƙi da samari ake nufi, don haka kada wani ya ce a kan kanta na kwana. Abin da ya fara ba ni wahala gaisuwa ce. Mu a Kano muna gaisawa muna tafiya, kafin a kai ga "ya iyali" an yi nisa. Can kuwa sai an tsaya, an tambayi gajiya, an tambayi gida, an tambayi ruwa, an yi shiru kamar an gama, sannan a ɗauko daga farko. Sau uku ina miƙa hannu ga tuwo ana dawo da ni da "ina gajiya". Tuwon dawa ne da miyar sure, wato yakuwa, da kifin dam, na ci har na ji nauyin kaina. Da safe aka kawo hoce, wani gasasshen abu na dawa mai tauri da tsami. Na gatsa na ji haƙorina ya yi ƙara. Sai da mai gidan ya nuna mini yadda ake marmasa shi da ƙuli da man gyaɗa, daga nan kuwa kullum ni ke tambayarsa.

Hadiza ta kai ni wurin mahaifinta. Dogo ne siriri, yana zaune a zaure yana gyaran igiya. Ta ce masa mai gyaran finafinai ne daga Kano, ba ta ƙara komai ba, ni ma tsoro ya hana ni ƙarawa. Bai yi ƙorafi ba. Ya dai ce, "Kwana arba'in munka yi muna wasan ga, ba wanda anka biya. Wurin ƙarshen nan, sau guda munka ɗauke shi, don hadarin gaske na yat taso. Shi na so jikokina su gani." Na ce in Allah ya so za su gani, ina faɗa ina jin ƙarya nake yi.

Wanda ya zama jagorana shi ne Alhaji Ɗan'ige, tsohon mai gidan kallo, wanda yanzu ƙwallo yake nunawa yana cajin waya. Ya ba sittin baya amma a kan babur ba ya ganin rami. Ya fito da buhu uku na kasusuwa daga bayan shagonsa, muka zazzage a tabarma, kyankyasai suka watse. Wajen azahar muka samu wanda aka rubuta Irin Baɗi da jan alƙalami. Na share kan injin, na saka. Hoto ya fito, dishi-dishi amma ana gani, babu waƙoƙina, 'yan wasa na magana da harshensu. Da aka zo wurin jifa na matsa kusa da allo. Aka wuce inda na yanke, aka nuna hadari, sai allon ya cika da zane-zane da ƙura, murya ta koma gurnani. Haka ya tafi har ƙarshe, ko inuwar mutum ba a gani.

Na ce, "Alhaji, me ya sami wurin nan kaɗai?"

"So na ya kashe shi. Duk dare in Tanko ya shigo da shanun nan sai gida ya ɗauka, a maido, a maido. Sai in maido. Wata rana sau biyar. Kaset kuwa inda anka hi murza nan yaka mutuwa."

Nan na gane irin matsalar da ke gabana. Wurin da na jefar don ina ganin ba ya sayuwa, shi ne wurin da mutane suka kalla har ya goge. Ɗan'ige ya aika gidaje biyu da ya san sun taɓa mallakar fim ɗin. Ɗaya an ɗauki bikin suna a kansa, ɗayan kuma daidai wurin nan ya tsinke an liƙe da jan farce.

Ya ce saura Bakura, akwai abokinsa da ya fi kowa tara kasusuwa. Washegari muka hau babur, ni a baya rungume da kwali. Daga lambar Bakura, wato mararrabar shiga garin, muka saki babban titi, shinkafa ta ko'ina, kore shar. Mun samu mutumin ba ya gida, aka ce yana fadama. Muka bi shi can, muka gaisa gaisuwar da ta isa a dafa shayi a sha. Da Ɗan'ige ya faɗi abin da ya kawo mu, sai ya yi murmushi ya nuna gonarsa da haɓa. Na duba, na ga an kafa sanduna an ja wani baƙin zare mai ƙyalli daga wannan zuwa wancan, iska na kaɗa shi yana wani zuu. Na matsa kusa na taɓa. Zaren kaset ne, gona guda, har da ta maƙwabta.

"Ba abin da ka korar tsuntsu awa shi," in ji mutumin. "Buhu shida ni da, dut na ba jama'a. Irin Baɗi kam na tuna shi, mai tsawo na, shi kaɗai ya tsare min gefen gabas damana biyu."

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce wannan tarihi ne kuka shanya wa tsuntsaye, na ce ba ku san darajar abu ba, na faɗi maganganu da yawa. Mutumin ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, "Malam, mu dai mun ci shinkahwa da shi. Wanda yay yanke shi hwa, mi yas samu?" Bai san da wanda yake magana ba. Ɗan'ige ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Mutumin kuma bai riƙe ni ba, ya kai mu gida aka kawo tuwon sabuwar shinkafa da man shanu, ya cika mini leda da danƙararriyar fura ta guzuri.

A hanyar dawowa na ce wa Ɗan'ige gobe zan koma Kano. Ya tsayar da babur a gindin wata tsamiya ya kashe.

"Kai ɗan birni, tunani kaka yi baibai. Muna ta neman masu son fim. Mai son fim ya kashe nashi. A nemo wanda anka ba kaset ba ya da abin kallo."

Muka koma wurin Malam Bawa da wannan tambaya. Ya daɗe yana murza igiyarsa, sannan ya ɗago. Ya ce takarkaran da suka fito a ƙarshe na wani Bafillace ne mai suna Buba, a Damaga ta ƙasar Maradun. An ba shi ladan aron shanu ya ƙi karɓa, ya ce ba ya sayar da zumunci. Don kada a rabu haka, sai 'yan wasan suka sa hannu su duka a kan kaset guda suka kai masa har ruga. Buba ya rasu, amma yana jin matarsa, Inna Yalwa, tana nan.

Damaga ba a zuwanta yadda aka ga dama. Sai da muka jira ranar da 'yan kasuwa ke tafiya a ayari, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Na bar kayana a Mafara. Mun bi ta gefen babban dam ɗin yankin, ruwa iya ganinka, masunta na shanya kifi, amma ni hankalina na kan ƙugun Ɗan'ige da na riƙe. A Maradun muka tsaya aka haɗu, babura kamar goma sha biyu, muka shiga hanyar ƙasa. A wani rafi kowa ya sauka ya tura babur ɗinsa. Ni na ce ai takalmina na birni ne, zan tsallaka ta kan duwatsu. Dutse na biyu ya juya, na zauna daɓas a cikin laka, takalmi ɗaya ya bi ruwa. Wani mai kayan gishiri ya ciro silifa daga buhunsa ya ba ni, ƙafa ɗaya shuɗi, ya ce kyauta. Da takalmi da silifa na shiga Damaga.

Can baƙo ba ya wucewa kai tsaye gidan da ya zo. Sai da muka je muka gaida mai gari, muka faɗi ko mu su wa ne da abin da ke tafe da mu, ya haɗa mu da wani dattijo ya raka mu bakin gari inda Fulanin suka zauna. Inna Yalwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama fura da nono a ƙwarya. Na buɗe baki zan fara bayani, Ɗan'ige ya taka mini ƙafar silifa. Ba a maganar buƙata sai an sha, an kuma sha da yawa, in ka kurɓa ka ajiye ka raina gidan. Na sha har cikina ya ɗaure, ina kallon rana tana tafiya.

Da aka zo ga zance sai ta miƙe. Ta shiga ɗaki, muka ji tana sauke jeren ƙorai ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da wata kwalla mai murfi, ta buɗe, ta warware wani farin zane, ta warware leda. Ga kaset, kwalinsa ko lanƙwasa babu, sunayen 'yan wasa a jiki da biro, na Malam Bawa na uku. Na duba ta ƙaramar tagar kaset ɗin, zaren duk yana gefe guda yadda aka naɗe shi ranar farko, babu ɗigon hunhuna.

Na ce, "Inna, kin taɓa kallonsa?"

"Da mi? Buba ya ce shanunmu na ciki. Nac ce to, su zauna."

Na yi kuskuren ɗan birni, na sa hannu a aljihu. Ta mayar da murfin kwallar ta ɗora hannu a kai. Ɗan'ige ya yi ta ba da haƙuri, ya gaya mata labarin Malam Bawa da sunan da aka liƙa masa. Ta saurara, ta ce ta tuna shi, dogon nan mai tsoron ƙaho. Sannan ta yanke hukunci. Kayan Buba ba ya kwana a wani gari ba tare da ita ba, don haka in kaset zai je Mafara, da ita zai je. Kafin mu ce wani abu ta yafa mayafi, ta kira babban ɗanta ya fito da babur. Haka muka dawo cikin ayari, tsohuwa a gaba da kwalla a cinya, kuma a rafin nan ko tsoron ruwa ba ta nuna ba.

Da safe muka rufe gidan kallon Ɗan'ige, daga ni sai shi sai Hadiza da Inna. Na ƙi yarda da janareta, muka haɗa da batirin sola don kada wuta ta yi rawa. Kaset da ya shekara ashirin da ɗoriya ba a juya shi ba yakan manne, in injin ya fizga sai ya tsinke. Don haka na sa ƙotar cokali na juya shi da hannu, a hankali, daga farko har ƙarshe, na sake dawo da shi. Wannan kaɗai ya ci fiye da awa guda, Inna na zaune tana kallon hannuna kamar mai tsaron awo. Na goge kan injin, na haɗa da kwamfuta, na yi bisimilla na tura. Na san ba lallai ya ba ni dama ta biyu ba.

Hoton ya fito tas, har ƙudan da ke kan hular mai gari ana gani. Ban zauna ba har aka zo wurin jifa. Na san daidai inda almakashina ya sauka, wani yaro ya ɗaga dutse, Tanko ya waiwaya. Aka wuce. Hadari ya haɗu, aka nuna mutane tsaye a bakin gonaki hannu wofi. Sai ga takarkarai uku sun ɓullo ta bayan kuka, wani siririn mutum da malfa yana jan na gaba. Inna Yalwa ta miƙe ta je har gaban allo. Ta kira sunayen shanun ɗaya bayan ɗaya da Fulatanci, na mutumin kuwa ba ta kira ba, ta dai tsaya tana kallonsa har ya fita daga hoton. Hadiza na kuka a bayana. Da rubutun ƙarshe ya hau na duba kwamfuta na ga komai ya shiga, sannan na samu wuri na zauna.

Kwana biyu na yi ina aiki a kansa, kuma mafi yawan aikin hana kaina taɓawa ne. Akwai inda zakara ya yi cara a kan maganar mai gari, akwai inda inuwar mai ɗaukar hoto ta faɗo a bango. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na bar su yadda suke. Na rage shuu ɗin sauti kaɗan, shi ke nan. A jerin ma'aikata babu sunana, don a na asali dama babu shi. Inna ta karɓi kaset ɗinta ta naɗe ta mayar a kwalla, amma ta ce ba za ta koma ba sai ta ga abin da za a yi.

Ɗan'ige ya sa mai shela ya zaga gari cewa ranar Juma'a bayan la'asar za a nuna Irin Baɗi cikakke, kyauta. Ya ja labule a tsakiyar gidan kallon, gefe guda na mata, abin da ya ce bai taɓa yi ba tun da ya buɗe wurin. Kafin a fara na samu Malam Bawa a zaurensa ya sa farar riga. Na durƙusa na ce, "Baba, akwai abin da ban gaya maka ba. Ni ne na yanke fim ɗin nan."

"Na sani tun randa kaz zo. Na yi boko har aji bakwai, sunanka kuwa manya-manya kar rubuta shi."

"Ba ka ce komai ba."

"Mutum ya taho gyara, in tarbe shi da ɓarnatai? Tashi mu tahi, kak a hwara ba mu."

Wurin ya cika har ana leƙe ta ramukan kwano. Da Tanko ya fara bayyana wasu samari suka yi ihun sunan nan, aka yi dariya, na ga tsohon ya sunkuyar da kai. Da aka zo jifa mutane suka fara gyara takalma, don nan suka san fim yana ƙarewa. Ba a ƙare ba. Surutu ya ɗauke kaɗan-kaɗan. Shanu suka shigo, Tanko ya kwance bakin buhu ya ɗebi gero ya zuba a tafin mai gari, ruwan sama na gaske yana dukansu su duka, Tanko ya ce da ya bar irin a rumbu da yanzu an tuƙa tuwo da shi. Daga ɓangaren mata wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, maza suka miƙe tsaye. Na daɗe ina wannan sana'a, ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba, kuma aikin da na yi kawai mayar da abin da na ɗauka ne. Kafin a watse masu tura finafinai a waya sun yi layi a gaban kwamfutata, na ba kowa, da sharaɗin ya goge tsohon.

Ɗan'ige ya kawo babur zai kai Malam Bawa gida, tsohon ya ce a'a, da ƙafa zai je, kuma ta babban titi. Na bi shi a baya. Tafiyar da ba ta fi minti goma ba ta ɗauke mu har aka fara kiran magariba, don kowane taku sai an tare shi an gaisa, gaisuwar Zamfara kuwa na riga na gaya muku yadda take. A bakin kasuwa wata mai tuyar ƙosai ta bar kaskonta a wuta ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Baba Tanko, ashe alhakinka munka ɗauka shekara da shekaru. Ka yahe muna."

Ya dube ta, ya gyara riƙon sandarsa.

"Na yahe, ɗiyata. Amma Tanko na cikin fim. Ni sunana Bawa."

Ta ce, "To, Malam Bawa, a sauka lahiya."

Ya ce amin, muka ci gaba da tafiya a tsakiyar titi.